Su Wa Ke Aikin Yaƙin Neman Zaɓe?

Ya kai mai karatu, idan lokacin zaɓe ya zo, hoton mutum ɗaya kake gani a bango. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan wannan hoto akwai mutane masu yawa da ke aiki dare da rana. Bari mu duba tarihin ƙasarmu Nijar, mu ga ko su wane ne.

Kafin shekarar 1956 mutane kaɗan ne ke da izinin jefa ƙuri'a. A wannan shekara Faransa ta yi doka wadda ta ba kowane baligi izini, namiji da mace. Daga nan sai ya zama dole jam'iyya ta kai maganarta har ƙauye. To, ta wace hanya? Yawancin jama'a ba su karatu, kuma akwatin rediyo bai yawaita ba.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce fada. Idan sarki ya karɓi jam'iyya, sai ya gaya wa masu gari, su kuma su gaya wa talakawa. Ta biyu ita ce kasuwa da tasha. Jam'iyyar Jibo Bakari, wadda aka sani da Sawaba, mai alamar raƙumi, ta ƙware a wannan hanya. Direbobin manyan motoci, da fatake, da teloli, da mahauta, da mata masu sana'a, su ne ma'aikatanta. Direba ya ɗauko labari daga Yamai, ya sauke shi a Maraɗi ko Damagaram. Ranar kasuwa kuma labarin ya watsu cikin karkara.

A zaɓen watan Maris na 1957 Jibo yana riƙe da hanyoyin nan biyu, domin ya haɗa kai da wata jam'iyya da sarakuna ke goyon baya. Ya samu kujera 41 cikin 60 a majalisa. Jam'iyyar RDA ta Jori Hamani da Bubu Hama, mai alamar giwa, ta zo a baya.

Ran 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Tambayar ita ce: a zauna tare da Faransa, ko a rabu nan take? Sawaba ta ce a rabu. RDA ta ce a zauna. Sabon gwamna, Kolombani, ya sa kwamandodinsa suka taimaki masu cewa a zauna. Sarakuna da yawa suka juya wa Jibo baya. Hanyar fada ta rufe masa, saura ta kasuwa kaɗai. Masu cewa a zauna suka samu 78 cikin 100. A watan Disamba Jori ya hau mulki, a 1959 kuma aka hana Sawaba. Ka ga, wanda ya rasa masu kai masa magana ya rasa ƙuri'a.

Bayan haka ƙasa ta daɗe ba ta ga takarar jam'iyyu ba, sai bayan babban taron ƙasa na 1991. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 aiki ya ƙara tsari. Ɗan takara yana naɗa shugaban yaƙin neman zaɓe, wanda ke tsara tafiye-tafiye da taruka. Akwai ma'aji mai biyan kuɗin mai da na buga takardu. Akwai kwamiti a jiha, da gunduma, da unguwa, da ƙauye. Mata suna bi gida gida. Samari suna kafa rumfa da lasifika. Makaɗa da maroƙa suna tara jama'a. Wasu kuma suna zama cikin ɗaki suna ƙulla kawance. A zagayen farko Tanja Mamadu ne ya zo na ɗaya. Amma Mahamadu Isufu da wasu suka mara wa Mahaman Usman baya, shi ya ci a zagaye na biyu ran 27 ga Maris.

Akwai ma'aikaci ɗaya da ba a cika ambatonsa ba: wakilin jam'iyya a wurin jefa ƙuri'a. Yana zaune tun safe har a buɗe akwati. Yana kallon ƙidaya, ya karanta takardar sakamako kafin ya yarda da ita. Idan bai iya karatu da lissafi ba, ana iya rubuta 90 inda aka ƙidaya 19, bai sani ba. Wahalar dukan sauran ma'aikata tana iya lalacewa a hannunsa.

Saboda haka, ɗan'uwa, duk ranar da mai neman ƙuri'a ya zo ƙofarka da goro ko turmin zane, ka karɓe shi da mutunci. Sa'an nan ka tambaye shi: wa ya aiko ka? Wa ya biya kuɗin motarka? Me ɗan takararku ya ce game da rijiya, da asibiti, da makaranta? Shi aikinsa ya kawo magana. Kai naka shi ne ka auna ta.