Zuma Da Itatuwan Ƙasarmu: Darasin Tarihi Daga Gefen Dajin Falgore

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan rubutu wata muhawara ce da ta taso a ɗaya daga cikin tarukan ƙungiyarmu, inda wani matashi ya tambaya dalilin da ya sa samun zuma ta gaskiya ya yi wuya a kasuwanninmu, alhali kullum dattawa suna ba da labarin yalwarta a da. Kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, amma babu wanda ya gamsar. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa gani ya kori ji.

Saboda haka, a wata ranar Asabar ta ƙarshen watan Fabrairun 2024, mu goma sha huɗu, dattawa biyar da matasa tara, muka tashi daga Bebeji bayan sallar asuba. Muka hau titin Zariya, muka karya a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, muka ratsa Tudun Wada, kafin hantsi ya dubi ludayi mun sauka a wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore ta ɓangaren Doguwa. A can wani dattijo mai kimanin shekara tamanin, wanda mutanen ƙauyen suke kira Sarkin Zuma, ya karɓe mu. Abin da muka ji daga bakinsa, da abin da muka sani na tarihi, su muka haɗa a nan.

Zuma kafin zuwan sukari

Kiwon zuma tsohuwar sana'a ce a duniya. A ƙasar Masar akwai zane a bangon wani gini na zamanin Fir'auna, na kimanin shekara 2,400 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), wanda yake nuna mutane suna ɗibar zuma daga amya. Mu kuwa Musulmi mun san cewa sura ta 16 a Alƙur'ani mai girma sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi, kuma a cikinta aka ambaci warakar da ke cikin zuma.

A ƙasar Hausa, kafin sukari ya wadata, abubuwan zaƙi ƙididdigaggu ne: rake, da dabino, da garin ɗorawa, da zuma, wadda ita ce sarauniyarsu. Da ita ake tsoma alkaki, da ita ake haɗa nakiya, kuma kayan garar da aka yi da zuma su ne abin fita kunyar uwar amarya. Masu magani suna haɗa ta da sassaƙe da saiwa, dukawa kuma suna murza zarensu da kakinta domin ɗinki ya yi ƙarko.

Ƙasarmu ta kudancin Kano tana da gata biyu a wannan sana'a. Na farko, ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, don haka ta fi shi manyan itatuwa, musamman idan aka doshi duwatsun Riruwai. Na biyu, a kan hanyar fatake take. Bebeji tsohon zango ne tsakanin Kano da Zariya, kuma ta cikinsa Baturen nan Kyaftin Clapperton ya bi a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Duk abin da daji ya bayar, akwai hanyar da za ta kai shi kasuwar Kurmi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kakin zuma ya shiga cikin kayan da ake fitarwa daga Arewa zuwa ƙasashen Turai, kodayake bai kama ƙafar gyaɗa da fata ba.

Daga baya mazarƙwaila ta bazu daga ƙasar Zazzau a farkon ƙarni na 20, sannan farin sukari ya cika kantuna, har masana'antar Bacita ta fara aiki a 1964. Tun daga nan zuma ta fara ja da baya daga tukunyar girki, ta koma kwalbar magani.

Yadda magabata suke sana'ar

Sarkin Zuma ya shimfiɗa mana tabarma a gindin wata kaɗanya, ya sa jikansa ya ɗauko sabuwar amya. Doguwa ce kamar ganga, an saƙa ta da ciyawa, an shafe ta da kashin shanu, baki ɗaya a toshe, ɗayan kuma da murfi mai 'yar ƙofa. Ya ce bayan ta bushe sai a turara ta da haɗin itatuwa masu ƙamshi da tsohon kaki, domin ƙamshin ne yake kiran ƙuda. Kowane gida da irin haɗinsa, kuma uba ba ya faɗa wa kowa sai ɗan da ya ga zai riƙe sana'ar. Daga nan sai a hau da ita bishiya, a ɗaure ta a tsakanin rassa, inda dage da wutar daji ba za su kai gare ta ba.

Ya lissafa mana itatuwan da ƙuda ya dogara da su, kowanne da lokacinsa. Gawo yakan yi fure bayan ɗaukewar ruwa, kaɗanya ta biyo baya a cikin hunturu, ɗorawa ta sako jajayen furanninta masu lilo a ƙarshen sanyi, sannan ga maje da maɗaci da tsamiya da mangwaro. Shi ya sa babbar ɗibar zuma take zuwa a bazara, kafin saukar ruwa. Ya ce da ɗanɗano kaɗai yakan gane bishiyar da ƙuda ya fi sauka a kanta.

Sana'ar tana da dokokinta, waɗanda ba a rubuce suke ba. Ba a rataya amya a bishiyar gonar wani sai da izininsa, kuma idan an ɗebi zuma akwai rabon mai gona. Satar amya abin kunya ne da yakan bi mutum har 'ya'yansa. Bishiyar da take ɗauke da amya kuwa, babu mai kusantar ta da gatari. Wannan doka ta ƙarshe ita ta fi jan hankalinmu, domin tana nufin kowace amya gadi ce ga bishiya guda.

Sai dai dattijon bai ɓoye aibin tsohuwar hanya ba. Da dare ake ɗiba, da damin ciyawa da aka kunna wa wuta. Ƙuda da yawa yakan ƙone, a kwashe saƙar gaba ɗaya har da 'ya'yan da ke ciki, a matse su tare. Zumar takan fito da warin hayaƙi, sauran ƙudan kuma ya yi ƙaura. A lokacin da daji yake cike, wani ayarin ƙudan yakan maye gurbin cikin 'yan makonni, don haka ba a ganin asarar.

Abin da ya sauya

Wani daga cikin matasanmu ya ce, “Baba, to ina ƙudan ya tafi?” Dattijon ya juyo wajenmu ya ce, “Malam, ku da kuka koyar da su, ku gaya masu. Ƙuda bai gudu ba, korar sa muka yi.” Ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar amya fiye da sittin a sama, shi kuwa a ranar goma sha ɗaya gare shi, huɗu daga ciki babu kowa.

Idan muka bi tarihin shekara tamanin da suka wuce, za mu ga gaskiyar maganarsa. A shekarun 1940 Turawan mulkin mallaka suka keɓe dajin da sunan gandun dajin Kogin Kano, sannan a shekarun 1960 aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji na Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, wanda ya taɓa ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Wannan keɓewa ita ta sa har yau ake da sauran manyan itatuwa a wurin. A wajen gandun kuwa, labarin daban ne.

Tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Babu mai musun alherin da ta kawo na noman rani da kamun kifi, amma ruwan ya shafe ƙauyuka da gonaki da kurmin bakin kogi, waɗanda aka tayar kuma dole suka sari sabon daji. A daidai wannan lokaci aka yi farin 1973, wanda muka gani da idonmu muna 'yan makarantar firamare, sannan na 1984 ya biyo baya. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka haɗe da juna, aka daina barin saura ta huta. Birnin Kano ya bunƙasa, buƙatar itacen girki da gawayi ta hauhawa, zarto mai inji ya zo ya mayar da aikin kwana uku na sa'a guda. Kaɗanya da ɗorawa, waɗanda kakanninmu ba sa sarewa ko da suna tsakiyar gona, suka shiga cikin buhunan gawayi da muka yi ta wucewa a gefen titi a wannan rana.

Bayan gatari sai maganin feshi. Manomi yakan fesa wa wake ko tumatir magani da hantsi, lokacin da fure yake buɗe ƙuda yana kai, washegari a tarar da gawarwakinsa a ƙofar amya. Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba, domin a 2018 Tarayyar Turai ta hana fesa wasu magungunan ƙwari guda uku a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma. Har ila yau, a shekarun 2010 ɓarayin shanu sun mayar da Falgore maɓoya, abin da ya hana masu amya da yawa shiga wuraren da suka gada, har sojoji suka kafa filin atisaye a dajin a 2017.

Da zuma ta gaskiya ta yi ƙaranci, sai ta jabu ta cike gurbi: sukari da aka narka aka dafa har ya yi ja, a jefa 'yar saƙa a ciki don a rufe idon mai saye. Amsar tambayar matashinmu ke nan.

Akwatin zamani

Bayan azahar jikan dattijon ya kai mu bayan gari, inda ya ajiye akwatuna biyu a kan ƙafafun ƙarfe a inuwar mangwaro. Asalin wannan fasaha daga wani Ba'amurke ne mai suna Langstroth, wanda a 1851 ya lura cewa ƙuda yakan bar rata ta kimanin milimita 6 zuwa 9 a tsakanin saƙa da saƙa domin wucewa. Da aka kiyaye wannan rata, sai ya yiwu a zaro saƙa ɗaya ɗaya ba tare da an rusa gidan ba. A farkon shekarun 1970 aka fito da wani samfuri mai sauƙi a ƙasar Kenya: akwati mai kama da kwami, an jera sanduna a samansa, kowace faɗinta kimanin milimita 32, ƙuda yana rataya saƙa guda a jikin kowace sanda. Duk kafintan ƙauye zai iya haɗa shi.

Yaron ya sa rigar kariya, ya busa hayaƙi kaɗan da 'yar gwangwaninsa, ya zaro sanda guda da rana tsaka. Ya nuna mana saƙar da aka toshe bakinta da kaki, wadda ita ce nunanniyar zuma, ya mayar da mai 'ya'ya wurinta. Ya bayyana cewa gida guda uwa ɗaya tak gare shi, wadda a lokacin yalwar fure takan saka ƙwai fiye da 1,000 a rana, ma'aikatan kuma duk mata ne, kuma a lokacin aiki ba su cika wuce mako shida a duniya ba. Biyu daga cikinmu sun sha harbi, aka yi dariya aka ce ai dama zuma da zaƙi da harbi.

Wani abin da manomanmu ya kamata su sani shi ne, amfanin ƙuda ya wuce zumarsa. Shi yake ɗaukar ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, da haka kaɗanya da mangwaro da riɗi da kabewa da kankana suke ƙara 'ya'ya. Matan da suke tsintar ƙwarar kaɗanya suna cin moriyarsa ko ba su taɓa ganin amya ba.

Kammalawa

Darasin da muka dawo da shi shi ne, tarihin zuma a ƙasarmu tarihin itatuwanmu ne. Akwati komai kyansa ba zai cika ba idan babu fure a kewayensa. Saboda haka muna ba ƙungiya shawarwari huɗu. Na ɗaya, mu roƙi hakimai da dagatai da masu unguwanni su farfaɗo da tsohuwar dokar hana saran kaɗanya da ɗorawa a gonaki. Na biyu, ƙungiya ta ɗauki nauyin akwatuna da rigunan kariya ga wasu matasa daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, bisa sharaɗin kowa ya dasa itatuwa ya raine su. Na uku, a wayar da kan manoma su riƙa feshi da yamma liƙis, bayan ƙuda ya koma gida. Na huɗu, ɗalibanmu su zauna da dattawa irin Sarkin Zuma su rubuta iliminsu tun suna raye. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 20 ga Mayun kowace shekara a matsayin ranar ƙudan zuma tun daga 2018, kuma makarantunmu za su iya amfani da ranar wajen wannan aiki. Muna kuma tunatar da iyaye mata gargaɗin likitoci, cewa kada a bai wa jaririn da bai cika shekara guda ba zuma.

Da muka zo sallama, dattijon ya ba mu zuma cikin ƙwarya, ya ƙi karɓar ko kwabo. Roƙonsa guda ne, mu dawo da yara su koya, domin a cikin jikokinsa ɗaya ne kawai ya tsaya. Mun yi masa alkawari da sunan wannan ƙungiya, alkawari kuwa kaya ne. Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya albarkaci ƙasarmu da zuriyarmu, amin.