Hazon da Ba a Gani da Damunar Tcholliré

Manomin auduga a Tcholliré ya san hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi ta rufe rana har ta yi fari fat, ƙura ta kwanta a kan ganyen mangwaro da bakin randa. Wannan hazon ƙasa-ƙasa yake, ruwan fari na wanke shi. Wanda ya fi shafar damunarsa kuwa bai taɓa ganinsa ba.

A tsakiyar damuna, zafin da ke tashi daga tudun Tibet na haifar da wata babbar da'irar iska mai matsi a can sama, kusan kilomita 15 daga ƙasa. Daga gefenta na kudu iska mai gudu ke fitowa, ta nufo yamma, ta ratsa tekun Indiya ta bi ta saman Afirka. Masana sun daɗe da lura cewa shekarar da wannan iskar ta yi ƙarfi, hadari kan haɗu sosai a yankin Sahel. In ta yi sanyi, sai ruwa ya ja baya. To, ɓarɓashin farar wuta da duwatsu masu aman wuta ke watsawa, in ya haura wannan tsayin, ba ya faɗowa da wuri. Yakan yi watanni yana mayar da hasken rana, ya sanyaya doron ƙasa, ya raunana jan da ke kawo danshin teku cikin nahiya.

Dutse ya yi aman wuta a yankin Katmai na Alaska a 1912, ƙasar Hausa ta shiga yunwar Kakalaba a 1913. El Chichón na Meziko ya fashe a 1982, shekarar da aka gama madatsar Lagdo a kan Binuwai, sai ga farin 1984. Ban ce duwatsun kaɗai suka jawo ba. Ɗumin tekuna ma da hannunsa. Amma binciken Haywood da abokan aikinsa na 2013 ya nuna cewa idan hazon ya taru a arewacin duniya kawai, layin ruwan sama kan karkata kudu.

Abin da ke damuna shi ne, yanzu akwai masu shawarar a riƙa fesa irin wannan ɓarɓashi da gangan don rage ɗumamar yanayi. Duk wanda zai yi wannan lissafi, ya sa gonakin Mayo-Rey da Garwa a ciki tun kafin jirgin farko ya tashi.