Cinikayya Tsakanin Nijeriya da Nijar: Yadda Take Shafar Talata Mafara, Bakura da Maradun

Ko ɗaya daga cikin ƙananan hukumominmu uku ba ta taɓa kan iyaka ba, amma farashin gero da na rago a kasuwanninmu ya rataya ƙwarai a kan abin da ke gudana tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, suka ƙulla yarjejeniya a kanta a shekarar 1906, alhali fatake sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa da jakuna da raƙuma. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi dangin mutanen wannan ɓangare ne.

Abin da ke fita da abin da ke shigowa

Daga wajenmu hatsi ne kan gaba: masara, dawa, gero da shinkafa, sai dankali da rake da kayan miya na rani. Ginshiƙin wannan noma shi ne madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina, aka kammala ta a 1978. Magudanunta ne ke shayar da gonakin Maradun, Talata Mafara da Bakura. Daga Nijar kuwa shanu, tumaki, awaki da raƙuma ke gangarowa, tare da wake, aya, dabino da kanwa.

Kayan ba safai suke tafiya kai tsaye ba. Buhun da aka auna ranar Talata a Mafara yakan bi ta kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ko ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela ya ƙetara Birnin Ƙonni, ko kuma ta Jibiya zuwa Maraɗi. A kowane zango akwai dillali da ɗan dako da direba masu cin abinci.

Yarjejeniyoyi

A 1971 ƙasashen suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, mai hedikwata a Yamai. Ƙarƙashinta aka ƙulla yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan gulaben da suka ratsa iyaka, ciki har da Gulbin Maraɗi, wanda ke fita daga Nijeriya ya shiga Nijar, sannan ya dawo ya zuba a Rima. Har ila yau akwai hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wadda aka aza harsashinta a 2021.

Canjin kuɗi

A ganinmu, babu takardar da ta kai canjin naira da sefa tasiri a kan manomi. Idan naira ta faɗi, mai riƙe da sefa yakan ga hatsinmu ya yi araha, sai ya sayi da yawa, farashi ya tashi a gida. Mai sayarwa ya ji daɗi, amma magidancin da rumbunsa ya ƙare kafin kaka ya ji a jikinsa, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne: ya sayar da kaka, ya koma awo da bazara. Haka kuma ragon Nijar yakan yi mana tsada gab da Babbar Sallah. Idan sefa ce ta faɗi, kamar yadda aka zabge rabin darajarta a Janairun 1994, sai lamarin ya juya. An ga irin wannan jan kaya a yunwar Nijar ta 2005, lokacin da tsadar hatsi a Arewacin Nijeriya ta hana shi hawa can kamar yadda aka saba.

Rufe iyaka

A watan Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Manoman shinkafa na Bakolori sun sami kasuwa a wannan tsakani, masu fataucin dabbobi da kayan gwari kuwa sun tafka asara. A Satumba 2021 matsalar tsaro ta sa aka rufe kasuwannin mako-mako a Jihar Zamfara tare da hana safarar dabbobi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take bai wa Nijar. An janye takunkumin a Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a Maris. A Oktoban shekarar Nijar ta hana fitar da hatsinta, wake ma yana ciki, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso.

Nijar ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu 2025. Tsarin shige da fice da rangwamen harajin kaya da ƴan kasuwarmu suka saba da su sun samo asali ne daga dokokin ƙungiyar, ita kuma ta umarci ƙasashenta a lokacin da su ci gaba da aiki da su har zuwa wata sanarwa. Saboda haka muna shawartar fatake da shugabannin kasuwa su riƙa tuntuɓar jami'an kwastan da na shige da fice kafin su ɗora kaya, hakimai da jami'an gona kuma su riƙa bin farashin Illela da Jibiya, domin a can ake fara ganin canjin da zai iso Mafara.