Takardar cin wuta ta gida: abin da mai saida gida da mai saye ya kamata su sani

Bayaninmu na yau a kan wata takarda ne da ƴan uwanmu mazauna Turai suke cin karo da ita duk ranar da suka tashi saida gida ko ba da shi haya. A Faransa sunanta DPE, a yankin Beljik masu jin Faransanci PEB, a Ingila kuma EPC. Aikinta shi ne ta nuna wa mai saye, tun bai biya ba, yawan kuran, gas ko mai da gidan yake ci a shekara.

Daga ina ta fito?

Tarayyar Turai ce ta kafa ƙa'idar a 2002, kowace ƙasa ta zuba ta cikin dokokinta. A Faransa ta zama tilas ga mai saida gida tun 1 ga Nuwamba 2006, ga mai ba da haya kuma tun 1 ga Yuli 2007. Dalilin a fili yake: a can ɗumama ɗaki lokacin sanyi shi ne ke cinye kuɗin magidanci. Gida biyu masu girma ɗaya, wani ya riƙe ɗumi, wani ya zubar da shi ta rufi da taga, kuma ido ba ya rarrabewa ranar ciniki.

Yaya ake yin ta?

Mai gida ne ke kiran ma'aikaci mai takardar izinin wannan aiki, shi ne kuma ke biya. Ma'aikacin zai auna faɗin gidan, ya duba bango, rufi, tagogi, na'urar ɗumama ɗaki da ta ruwan zafi. Daga nan ya ba gidan harafi, daga A zuwa G. A Faransa, A shi ne gidan da ba ya wuce kilowat-awa 70 a kowane murabba'in mita a shekara, G kuma wanda ya haura 420. Ana auna har da hayaƙin da gidan ke jawowa, kuma a cikin ma'aunin biyu wanda ya fi muni shi ake ɗauka.

Kuɗin aikin yakan kama daga Yuro 100 zuwa 250, wato kamar jika 65 zuwa jika 164 na sefa. Takardar tana aiki shekara 10, tana ɗauke da lambar rajista ta hukumar ADEME. In babu wannan lamba, takardar banza ce.

Mi ke faruwa ga gida mai mugun harafi?

Na farko, harafin yana fitowa a tallar gidan, kowa ya gani, mai saye kuma ya samu abin neman ragi. Na biyu, dokar 22 ga Agusta 2021 ta ɗaure masu ba da haya: gida mai F ko G ba a ƙara masa kuɗin haya, mai G an hana ƙulla sabuwar haya a kansa tun 1 ga Janairu 2025, F zai bi a 2028, E a 2034. Saidawa kam ba a hana ba, amma tun Afrilu 2023 mai saida gida sukutum mai F ko G sai ya haɗa da wani bincike na biyu da ke lissafa gyaran da ake bukata da kuɗinsa. Tun 2025 mai E ma ya shiga.

Na uku, tun 1 ga Yuli 2021 takardar ta zama hujja gaban alƙali. In an rubuta C alhali gidan E ne, mai saye yana da ikon neman diyya. Wanda kuma yake riƙe da tsohuwar takarda ta kafin wannan rana ya sani ta mutu tun ƙarshen 2024, sai sabuwa.

A Ingila ma harafi A zuwa G ne, shekara 10, kuma ba a ba da hayar gidan da bai kai E ba sai da uzurin da doka ta yarda da shi.

Wannan ya shafi har na ƙauye. In ɗan uwa ya rasu a can ya bar gida, ranar da magada suka yarda a saida, noter zai nemi wannan takarda cikin sauran. Kada a ɗauka wani ne ke son cin kuɗin marayu.

A nan gida fa?

A Tanut ko Balbeji, abin da ciniki ya tsaya a kansa shi ne shaidar mallaka. A karkara, tun dokar 2 ga Maris 1993 da ta kafa tsarin Code rural, akwai hukumomin filaye da ake kira Kofo, daga na gari zuwa na komin da na gunduma, masu ba da takardar shaidar saye, kyauta, aro ko jingina. A cikin birni, filin da aka yanka yana da takardar magajin gari, sama da ita kuma akwai babbar takardar mallaka, har da sassauƙarta da ake kira Sheda. Duk wanda zai sayi gida ya fara da waɗannan, gaban mai gari da shaidu, ya tabbatar magada duka sun yarda.

Amma tambayar da Turawa ke yi ta shafe mu, sai dai a juye: su sanyi suke gudu, mu zafi. A 2020 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke ciki, ta fitar da ƙa'idoji kan rage cin wuta a sabbin gine-gine da kuma liƙa alamar cin wuta a kan fitilu da kayan kuran na gida. Kafin takarda ta iso Damargu, mai saye shi ne mai binciken kansa.

Abin dubawa kafin a biya

Lokacin ziyara: a je gidan da azahar a watan Afrilu ko Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40. Gani ya kori ji.

Rufi: tol tsirara kan bulon siminti yana maida ɗaki tanda. Silin, da tazarar da iska ke bi tsakaninsa da tol, suna rage zafin sosai.

Bango: katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana sannu a hankali, ta sake shi da dare. Shi ya sa soro yake da sanyi a bazara, da ɗumi a hunturu. Sai dai a duba yaɓe, indararo da azara, musamman gefen gabas inda ruwa ke bugowa, a duba kuma ɓarnar gara.

Tagogi da inuwa: taga biyu masu kallon juna suna jan iska. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, don haka bedi ko rumfa a wannan gefe dukiya ce.

Kuran: a nemi faktir ɗin Nigelec na watannin zafi, a tabbatar babu bashi a kan kontar. In sola ce, a tambayi shekarun batir, domin shi ke fara mutuwa.

Fitilu: tsohon ampul mai wat 60, awa 6 kullum, yana cin kusan kilowat-awa 11 a wata. LED mai wat 9 mai haske irin nasa bai kai 2 ba.

Ga masu aiko kuɗin gini

Ƴan uwa na Libiya, Aljeriya, Najeriya da Turai, kafin ku ce a zuba siminti da tol, ku tambayi magina game da gini marar katako, wanda ake rufe ɗaki da tubalin ƙasa a lanƙwashe kamar ƙwarya a kife. An fara shi a Nijar tun 1980 a Cikal, ƙasar Filinge, kuma an horar da magina da dama a kansa. Ba ya cin icce, ba ya bukatar tol, yana kuma riƙe sanyi. In kuma tol ɗin aka zaɓa, a sa kuɗin silin cikin lissafi tun farko, domin iyaye da yara ne za su kwana a ɗakin kowace bazara.

Mai tambaya kan takardun fili ya tuntuɓi Kofo ta garinsa ko ofishin magajin gari. Allah ya sa a saya lafiya, a zauna lafiya.