Ƙetare ƙafa

ƙetare ƙafa (sn., nm.) A kokawar jiyujitsu ta Birazil: dabarar da ɗan wasan da ke sama ke bi ya wuce ƙafafun abokin karawarsa da ke kwance yana kare kansa da su, har ya danne shi ta gefe.

A wannan wasa faɗuwa ba ta raba gardama, domin na ƙasa yana iya shaƙe na sama da cinyoyinsa. Shi ya sa gwani ba ya gaggawa. Zai miƙe bayansa, ya ɓamɓare hannun da ya riƙe masa kwala, ya danne ƙugu don kada na ƙasa ya samu damar juyawa, sannan ya zura gwiwa ta kan cinya har ƙirji ya hau ƙirji. Wanda ya bar hannu ɗaya tsakanin ƙafafu, ɗaya a waje, babu kula, ya kai wuyansa da kansa.

Marigayi Leandro Lo, zakaran duniya sau 8, ya yi suna wajen cafke wando a gwiwa, ya watsar da ƙafafun gefe, ya zagaye da gudu.

A dokar IBJJF, hukumar wasan ta ƙasa da ƙasa, ƙetarewa maki 3 ce, muddin aka danne mutum daƙiƙa 3.