Kundin Yau da Kullum na Malaman Koriya: Adabi ne ko Tarihi?

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wani nau'in rubutu da malaman Koriya suka bari a zamanin daular Joson, wadda ta yi mulki daga 1392 zuwa 1910. Suna kiransa ilgi, watau kundin da mutum yake rubuta abin da ya same shi kowace rana. Galibi da rubutun Sinanci na malamai suke yin sa, ko da yake an ƙago baƙaƙen Hangul tun 1443. Akan fara da kwanan wata da yanayin gari, sannan a kawo labarin baƙi da cuta da kyauta da mafarki.

Matsayinsa a Tarihi

A shekarar 1592 sojojin Japan suka mamaye Koriya, takardun fada masu yawa suka ƙone. Da aka zo tsara tarihin Sarki Sonjo, sai aka tarar shekarunsa na farko ba su da madogara. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka jingina da su shi ne Miam ilgi, kundin malam Yu Hui-cun, wanda ya rubuta daga 1567 har rasuwarsa a 1577. Ashe abin da mutum ya rubuta don kansa shi ya toshe giɓin da gobara ta bar wa fada.

Amfaninsa bai tsaya nan ba. Yu yakan lissafa kyautar shinkafa da kifi da ta shigo gidansa ko ta fita. Daga wannan lissafi ne manazarta suke gane cewa gidajen manya sun dogara ƙwarai ga musayar kyauta wajen biyan bukatunsu, abin da tarihin sarakuna bai damu da shi ba.

Matsayinsa a Adabi

A cikin kundin nan muna samun waƙoƙin da Yu da matarsa Son Dok-bon suka riƙa aika wa juna. Haka kuma Swemirok na O Hui-mun, wanda ya fara a 1591 ya ƙare a 1601, ya bayyana gudun hijira da yunwa da rasuwar 'yarsa cikin lafazi marar ado. Shi ma Yi Sun-shin, shugaban mayaƙan ruwa, ya rubuta alhininsa na rashin mahaifiyarsa da ɗansa a 1597 a tsakanin bayanan jirage da dakaru. A ganinmu, wannan rashin ado shi ne ƙarfin rubutun, domin marubucin bai san abin da gobe za ta haifar ba, mai karatu kuwa ya sani.

Inda Ya Kamata a Yi Hattara

Da farko, yawancin marubutan nan maza ne na ajin yanban, watau masu ilmi da sarauta. Bayi suna cike da shafuffukan O Hui-mun, ana aikensu, ana hukunta su, amma da idon ubangidansu kaɗai muke ganinsu. Na biyu, kundin yakan bi ta hannun wasu kafin ya iso gare mu. Alal misali, sunan Nanjun ilgi ba Yi Sun-shin ne ya raɗa wa kundinsa ba. Masu tattara ayyukansa ne suka sa shi a 1795, kuma abin da suka buga ya saɓa wa rubutun hannunsa a wurare da dama.

Kammalawa

Saboda haka muna ganin raba wannan rubutu gida biyu kuskure ne. Masanin tarihi da bai lura da muryar marubucin ba zai ɗauki ra'ayi a matsayin hujja, manazarcin adabi kuma da ya tsallake lissafin shinkafa zai rasa rayuwar da ta haifi waƙar. Shawararmu ita ce a karanta kowane kundi ɗungurungum, a kuma gwada bugaggen da na hannu kafin a yanke hukunci.