Motar Da Ke Rawa: Tarihin Loraida Da Ƙarfafa Shasinta

Wataƙila mai karatu zai yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya bar waƙa da zube ya shiga gareji. Dalili kuwa shi ne, kwanakin baya na ga bidiyon wata mota a Amurka tana ɗaga gabanta sama tana dirowa, kamar ingarma a hawan salla. Da na nuna wa kawuna, wanda sana'arsa walda ce, ko kallon fentin bai yi ba, sai ya ce, "Ɗana, shasin nan an taɓa shi. Da yadda kamfani ya ƙera shi yake, da tuni ya karye." Wannan magana ita ta sa ni bin diddigi, kuma abin da na samo shi zan ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu.

Irin waɗannan motoci ana kiransu loraida, wato masu tafiya ƙasa-ƙasa. Sun samo asali ne a tsakanin Amurkawa 'yan asalin Meziko, musamman mazauna Los Anjalis ta Jihar Kalifoniya, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Galibin samarinsu 'ya'yan ma'aikata ne marasa halin sabuwar mota, don haka sai su sayi tsohuwar Chevrolet su gyara. A sa'ad da sauran samari ke gyaran mota don gudu, su kuwa sai suka zaɓi akasin haka. Sukan datse sifirin, ko su loda buhunan yashi a but, motar ta kwanta, sa'an nan su bi titi irin na Whittier sannu a hankali don kowa ya gan su. Ga mutanen da aka saba rainawa, wannan hanya ce ta cewa ga mu nan.

To, a shekarar 1958 sai sashe na 24008 na dokar ababen hawa ta Kalifoniya ya haramta tuƙa motar da aka sauke har wani ɓangarenta ya yi ƙasa da gindin ƙarfen da taya ke zagaye. Nan 'yan sanda suka sami abin kamawa. Amma masu iya magana sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A 1959 wani matashi mai suna Ron Aguirre ya fito da motarsa Corvette, wadda ya raɗa wa suna X-Sonic, ya sa mata famfon mai na jirgin sama. Aikinsa kamar na tifa ne in za ta juye yashi: famfo ya tura mai cikin silinda, silinda ta miƙe ta ɗaga mota. Ke nan in an hango ɗan sanda sai a taɓa makunni mota ta tashi, in an wuce shi a sake kwantar da ita.

Dabarar kauce wa doka ba ta tsaya nan ba. Sannu a hankali aka gane cewa in an ƙara batura famfo yakan yi ƙarfi, har tayoyin gaba su rabu da ƙasa. A shekarun 1970 abin ya zama gasa, ana auna tsawon tsallen kowace mota. Mujallar Lowrider, wadda Sonny Madrid da abokansa suka kafa a San Jose a 1977, ita ta daɗa yayata shi.

A nan ne maganar kawuna ta fito fili. Motar da aka fi so ita ce Chevrolet Impala, wadda daga 1958 zuwa 1964 shasinta yake da siffar harafin X, tsukakke a tsakiya, ba dogayen ƙarafa a gefe. Kamfani ya ƙera shi ne don tafiya a kan kwalta. Sai ga shi an jera batura 8 ko 10 a but, kowanne ya haura kilo 20, ga famfuna, sa'an nan motar da ta fi tan ɗaya da rabi tana tashi tana faɗowa. Shasi ya dinga tsagewa a mazaunin sifirin, da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, da bakan da ya haye ƙafafun baya. In kuwa ya lanƙwashe, ƙofofi su ƙi rufuwa, bodi ya tattare.

Maganin da masu walda suka samo shi ne yi wa shasi riga. Akan ɗauke bodi gaba ɗaya, a kankare tsatsa, a yanko farantan ƙarfe masu kaurin kwatan inci ko ƙasa da haka kaɗan daidai da siffar kowane wuri, a liƙa su da walda. Mai ɗagawa da saukewa kawai yakan wadatu da ƙarfafa wuraren da na ambata. Mai shiga gasar tsalle kuwa sai an lulluɓe masa dukkan fuskoki huɗu, har da hannuwan da ke riƙe da ƙafafu. Aikin yana son haƙuri, domin in aka zarce da walda a gefe guda zafi zai murɗe ƙarfen. Sai an yi kaɗan nan, a koma can, a jira ya huce.

Yau labari ya sha bamban. A 2017 an shigar da Gypsy Rose, wata Impala ƙirar 1964 ta marigayi Jesse Valadez, cikin rajistar motocin tarihi ta Amurka. A 2023 kuma Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta soke wancan sashe, ta fara aiki a Janairun 2024, wato bayan shekara 66 ana kai ruwa rana.

A taƙaice, doka ta haifi famfo, famfo ya haifi tsalle, tsalle ya karya shasi, karyewar shasi ta haifi wata sabuwar gwaninta ta walda. 'Yan kallo fenti suke yabawa, amma da ba don farantan nan da ke ɓoye a ƙarƙashi ba, da rawar ta ƙare tun a tsallen farko.